Layi ɗaya da ya kusa cinye adashin Gwaggo

1/
Jama'a, yau zan tona wa kaina asiri. A zangon karatun da ya wuce na kusa ɓatar da lissafin adashin mata sama da 40 a garinmu Fagam, saboda layi ɗaya tak da na kwafo daga intanet ban san ma'anarsa ba. In kana koyon rubuta manhaja, gyara zama. Zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/
Bari in faɗi matsayata tun yanzu, kada a ce na ɓoye: a rumbun bayanai, akwai saurin da ake samu ta hanyar haƙuri, akwai wanda ake samu ta hanyar ƙarya. Na farko halal ne in ka auna. Na biyu kuwa, in dai kuɗin mutane ne a ciki, cin amana ne, ko da ba ka yi niyya ba.

3/
Gwaggona uwar adashi ce. Kullum da yamma yara na kawo mata zubi: wannan 200, waccan 500, mai ƙosai, mai ƙuli, mai kitso. Tana da littattafai masu kauri da ta ɗaure da roba, kowace mace da shafinta. Shekara da shekaru ba a taɓa jin an yi rigimar ko sisi a hannunta ba.

4/
Ni kuma ga ni ɗan jami'a, ina karanta kimiyyar kwamfuta, kai ya fara zafi. Na ce Gwaggo ai zamani ya wuce littafi. Na haɗa mata ɗan manhaja, na ɗora a kan PostgreSQL, na saka a tsohuwar laftof ɗin da ke shagon cajin Yayana. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da janareta take tashi. Ku riƙe wannan, zai dawo.

5/
Ni da ƙanena muka kwashe kwanaki muna juye tsofaffin littattafan shekara uku. Layi sama da 30,000. Na rubuta ɗan shirin da ke zuba su cikin rumbun, layi ɗaya bayan ɗaya. Kowane gwaji sai ya ci wajen minti 10, kuma duk lokacin da na ga kuskure sai in sake daga farko. Yaya na ta min ƙorafin mai.

6/
Sai na shiga bincike: yaya ake ƙara wa PostgreSQL sauri? Na ci karo da wani saiti, commit_delay, ana cewa yana ƙara yawan aikin da rumbu ke gamawa. Ban tsaya karanta komai ba. Na ba shi lamba mafi girma da yake karɓa, 100000. A tunanina lamba babba, sauri babba. Na sake gwaji. Ko gezau. Babu abin da ya canza.

7/
Na koma, na ga yana da abokin tafiya, commit_siblings. Na ce to wataƙila wannan ne ke riƙe shi, na mayar da shi 0. Wallahi sai abin ya koma tafiyar hawainiya. Aikin minti 10 ya doshi awa guda. Na zauna ina zagin laftof, alhali ita ba ruwanta.

8/
Cikin fushi na ga wani ya rubuta: kashe fsync kawai. Na rubuta fsync = off. Kai! Kafin in kurɓi ruwa aiki ya ƙare. Na ji ni wani injiniya ne. Na rufe fayil ɗin saitin, na manta da shi kwata-kwata. Layin da nake ba ku labari ke nan.

9/
Kafin in koma makaranta na je na durƙusa na ce, "Gwaggo, daga yau a ajiye littafi. Ki riƙa aiko da lissafi shago da yamma, Yaya zai shigar." Ta dube ni ta ce, "To, Babana. Allah ya yi albarka." Sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa take kirana haka.

10/
Bayan sati shida, ina ɗakin kwana a makaranta, Yaya ya kira bayan isha'i. Yana cikin shigar da zubin ranar mai ya ƙare, janareta ya mutu, laftof ta ɗauke ɗif. Da aka tayar, rumbun ya ƙi buɗewa. Jibi kuma ranar kwasar mata uku ce. Ba ni da kwafin ajiya ko ɗaya. Daren nan ban runtsa ba.

11/
Da asuba na kama hanya. Na sauka Birnin Kudu, na shiga motar Gwaram da ke kan layi. Mu uku ne a ciki, direba ya ce sai ta cika. Ina zaune ina gumi, sai na buɗe littafin jagorar PostgreSQL a waya, wanda ya kamata in karanta tun farko. A tashar nan na gane duk abin da na yi. Ku biyo ni.

12/
Da farko, mene ne "commit"? Shi ne lokacin da manhaja ke ce wa rumbu: wannan cinikin ya kammala, ka tabbatar da shi. Rumbu ya amsa: na tabbatar. Daga wannan amsar ce kake ganin "ya shiga" a allon wayarka, ko risit ya fito daga na'urar POS. Alkawari ne, ba gaisuwa ba.

13/
Kwamfuta tana da wurin riƙe abu iri biyu. Akwai RAM, mai saurin gaske, amma da wuta ta ɗauke komai ya goge. Kamar abin da mutum ya riƙe a ka. Akwai kuma faifan ajiya, mai nawa, amma abin da ya sauka a kansa ya zauna. Kamar tawada a takarda. Alkawarin rumbu ba ya cika sai abu ya bar ka ya sauka a takarda.

14/
PostgreSQL na yin dabarar da kowane mai shago ya sani. Ba ya tsayawa neman shafin kowane mai bashi ana tsakiyar ciniki. Yana da ƙaramin littafin jere, duk abin da ya faru ya rubuta a layi na gaba, daga baya a natse ya juye a babban littafi. Wannan littafin jeren shi ake kira WAL. Ya shigo PostgreSQL a sigar 7.1, shekarar 2001.

15/
Amfaninsa: ko wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, da an tashi sai rumbu ya bi littafin jere ya gyara babban littafi. Amma da sharaɗi. Dole layin ya riga ya sauka a faifai da gaske kafin a ce wa mutum "ya shiga". Umarnin da ke tilasta wannan saukar shi ne fsync. Ka ga abin da na kashe ko?

16/
Matsalar ita ce saukar nan tana da tsada. Faifai mai juyawa na 7200 yana zagaye 120 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane zagaye kusan milisakan 8.3. Na tsofaffin laftof, mai 5400, zagaye 90 ne, kusan milisakan 11. In kowane ciniki sai ya jira zagayensa shi kaɗai, to ka ga iyakarka: 90 zuwa 120 a daƙiƙa, komai ƙarfin kwamfutar.

17/
Yanzu dawo tashar Birnin Kudu. Mota ɗaya ce, hanya ɗaya ce. In kowane fasinja zai yi shatar motar shi kaɗai, mutum nawa za su isa Gwaram kafin magariba? Amma in an yi lodi, tafiya ɗaya ta kwashi mutum 10, da man da ba zai wuce na mutum ɗaya da yawa ba. Saukarwa a faifai ita ce tafiyar, cinikayya su ne fasinjoji.

18/
Haka abin yake: saukar da layi ɗaya da saukar da layi 10 a tafiya guda kusan lokacinsu ɗaya. Faifan da ke iya tafiya 120 a daƙiƙa, in kowace tafiya ta ɗauki 10, ka samu 1,200. Ba ka sayi sabon faifai ba, ba ka kuma yi wa kowa ƙarya ba. Wannan lodin shi ne tushen maganar gaba ɗaya.

19/
Abin da da yawa ba su sani ba: PostgreSQL na yin lodin nan da kansa, ko ba ka taɓa komai ba. Yayin da mota ta tafi, waɗanda suka iso tasha suna taruwa, in ta dawo ta kwashe su gaba ɗaya. In akwai cunkoso, lodi na haɗa kansa. Shi ya sa aka bar commit_delay a 0 tun asali, kuma yawancin mutane ba sa buƙatar taɓa shi.

20/
To mene ne aikinsa? Shi ne ka ce wa direba: in ka tayar da mota kada ka ja nan take, ɗan dakata kaɗan, wataƙila wasu na tafe. Jinkiri ne da gangan, kafin saukarwa, don a ƙara yawan masu shiga tafiya ɗaya. Sunansa ma ya faɗa, jinkiri ne. Ni ne na karanta shi a matsayin totur.

21/
Ana auna shi da maikirosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. 1000 shi ne milisakan ɗaya. 100000 da na saka, kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa ne. A wurin mutum ƙiftawar ido ce. A wurin faifan da ke gama tafiya cikin milisakan 11, kamar ka tsare direba tsawon tafiya tara ne yana jiran fasinja.

22/
Shi kuma commit_siblings shi ne hankalin direba. Ba ya jira sai ya leƙa ya ga akwai mutane a tashar da ke shirin tafiya. A asali 5 ne: in babu aƙalla wasu cinikayya 5 da ke buɗe a lokacin, ba a yin jinkirin ko kaɗan, mota ta wuce abinta.

23/
Ka ga dalilin da gwajina na farko bai canza komai ba. Shirin nawa shi kaɗai ne a tashar, yana aika layi ɗaya, ya jira amsa, ya aika na gaba. Babu 5, babu ma 1. Rumbun ya duba ya ga ba kowa, ya yi watsi da lambar da na saka. Ya fi ni hankali.

24/
Da na mayar da shi 0 kuwa, sai na cire wa direba hankalinsa. Na ce ya jira ko tasha wayam take. Yi lissafi da kanka: layi 30,000, kowane da ƙarin kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa. Daƙiƙa 3,000 ke nan, minti 50 cif, ana jiran fasinjan da ba zai taɓa zuwa ba. Sauri ya haifi nawa, a zahiri.

25/
A nan ne ya kamata mu raba abu biyu da muke haɗawa mu kira "sauri". Akwai tsawon jiran mutum ɗaya. Akwai kuma yawan mutanen da aka sallama a daƙiƙa. commit_delay na ɗan ƙara na farko don ya ɗaga na biyu. Ni da ke zaune a mota ina gumi, jirana ya ƙaru. Amma a lissafin yini, tashar ta kai mutane da yawa gida.

26/
Wani abin lura ga masu kwafo tsofaffin shawarwari: kafin sigar 9.3 ta shekarar 2013, kowane ciniki shi ke yin nasa jiran daban. Daga 9.3 aka gyara, wanda ya fara isowa shi ne jagora, shi kaɗai ke jira, sauran su jeru a bayansa, ya sauke na kowa lokaci guda. Shawarar da aka rubuta kafin nan, wata motar take nufi.

27/
To in kana da cunkoson gaske, nawa za ka saka? Ba a cinta. PostgreSQL na zuwa da ɗan shiri mai suna pg_test_fsync. Kana kunna shi a kan faifan da WAL ɗinka yake, ya faɗa maka matsakaicin lokacin da saukarwa ɗaya ta 8kB ke ci. Jagorar PostgreSQL ta ce a fara gwaji da rabin wannan lokacin.

28/
Misali: in ya nuna maka milisakan 8, rabinsa 4, sai ka fara da 4000. In ya nuna rabin milisakan, 500 ke nan a maikirosakan, sai ka fara da 250. Ka lura na ce ka FARA. Lambar faifan wani ba taka ba ce. Wanda ya ce maka "saka 10000 kawai" bai taɓa ganin na'urarka ba.

29/
Daga nan sai pgbench, shi ma tare suke zuwa. Yana kwaikwayon masu ciniki da yawa lokaci guda. Gwada da jinkiri 0, rubuta sakamako. Saka lambarka, sake gwadawa da adadin masu ciniki iri ɗaya. Duba abu biyun nan: nawa aka gama a daƙiƙa, kuma nawa kowa ya jira. Canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Gani ya kori ji.

30/
In ka wuce gona da iri, jinkirin zai fara cin ribar da ya kawo, yawan aikin ma ya faɗi. Direban da ya daɗe yana jira, tafiya biyu zai yi a yini maimakon biyar. Kuma a wasu na'urori agogon barcin ba ya iya ƙasa da milisakan 10, don haka 1 da 10000 duk ɗaya ne a wurinsu. Wani dalilin auna naka ke nan.

31/
Masu SSD fa? In saukarwa na ƙarewa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, ribar jira na raguwa, kamar garin da mota ke zuwa ta dawo cikin minti biyu. Amma ba kowane SSD ba ne mai saurin saukarwa, kuma faifan da ka yi haya a gajimare sau da yawa ta hanyar sadarwa ake isa gare shi. Amsar dai ɗaya ce: auna.

32/
'Yan MySQL, kada ku ce ba da ku ake ba. Kuna da binlog_group_commit_sync_delay, shi ma da maikirosakan, shi ma 0 ne a asali. Kuna da binlog_group_commit_sync_no_delay_count, wanda ke cewa in fasinja sun kai kaza a ja mota ba sai lokaci ya cika ba. Tasha daban, ɗan kamasho daban, ƙa'ida ɗaya.

33/
Yanzu ga inda nake so matasanmu su buɗe kunne. Akwai saiti uku da ake jerawa a shawara ɗaya kamar 'yan gida ɗaya: commit_delay, synchronous_commit da fsync. Duka ana cewa "suna ƙara sauri". Amma abin da kowanne ke karɓa a hannunka ya sha bamban, nesa ba kusa ba.

34/
commit_delay lokaci kawai yake ci. Ba a ce maka "ya shiga" sai ya sauka a faifai. Ko an ɗauke wuta ana cikin jiran, babu wanda aka riga aka ba risit. Mafi munin abin da zai yi maka shi ne nawa. Bai taɓa amanar kowa ba.

35/
synchronous_commit = off kuwa, wanda ya shigo a sigar 8.3 ta 2008, shi ne mai shagon da ke cewa "na rubuta, jeka" alhali biro bai taɓa takarda ba, zai rubuta nan da ɗan lokaci. A saitin asali tazarar na iya kaiwa milisakan 600. In wuta ta ɗauke a ciki, cinikayyar ƙarshe ta ɓace. Amma littafin kansa lafiya lau, ba ya yagewa.

36/
Kuma a gaskiya yana da wurinsa. Ƙirga waɗanda suka duba shafi, tarihin wanda ya danna ina, irin abin da in ka rasa na rabin daƙiƙa ba mai kuka. Daɗinsa, ana iya saka shi ga ciniki ɗaya kawai, ba dole duka rumbun ba. Ka sassauta wa ƙirgar dannawa, ka bar zubin adashi da tsaurinsa. Ba a haɗa kuɗin ƙosai da wannan caca.

37/
fsync = off shi ne babban yaya. Ka ce wa rumbu kada ya damu ko abu ya sauka, ko wanne ya riga wanne. Babban littafi na iya karɓar rabin gyara alhali littafin jere bai samu labari ba. In wuta ta ɗauke, ba 'yan layukan ƙarshe kawai kake wasa da su ba, rumbun gaba ɗaya na iya lalacewa. Jagorar ta faɗi wannan ɓaro-ɓaro. Ni ne ban karanta ba.

38/
Abin takaicin, matsalata ta asali ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin ukun. Layi 30,000 daga mutum ɗaya, ai kaya ne ba fasinjoji ba. Buɗe ciniki ɗaya, zuba su duka, tabbatar sau ɗaya. Ko ka yi amfani da umarnin COPY da aka yi don wannan aikin. Ni na tsaya ina ɗaukar shatar mota wa kowane buhu, ina kukan tsadar mai.

39/
Na isa Fagam bayan la'asar. Na yi ta fama da laftof har dare, na ciro abin da ya ciru, amma ban yarda da ko layi ɗaya a ciki ba. Na je wurin Gwaggo ƙafafuna na rawa. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, na yi ɓarna. Lissafin sati shida ya lalace a hannuna."

40/
Ba ta ce komai ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin katifa ta jawo sabon littafi, ɗaure da roba. Kowane zubi na sati shidan nan yana ciki, da kwanan wata. Ta ce, "Babana, kuɗin mutane ne. Ni ba na ce wa yarinya ta tafi sai na ga tawada ta bushe." Aka yi kwasa ranar da aka saba, ba wadda ta ji labari.

41/
Tun ranar nake tunanin maganar. Abin da Gwaggo ta faɗa shi ne fsync, ba ƙari ba ragi. Masana sun ba shi suna: a 1983 Theo Härder da Andreas Reuter suka haɗa sharuɗɗa huɗu na ciniki a rumbu suka kira su ACID, bisa aikin irin su Jim Gray. Harafin ƙarshe, D, shi ne ɗorewa: abin da aka ce ya shiga, ya zauna. Gwaggo ba ta san su ba, amma makarantarsu ɗaya.

42/
Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun naira. Tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tura kuɗi ta waya lokaci guda, har mai tumatir a kasuwar ƙauye. Wa ya manta tsayuwa gaban mai kaya, an cire a wurinka, shi bai ga alat ba? Dalilan wancan rikici suna da yawa, sun wuce saiti ɗaya. Amma kowa ya ɗanɗani zafin kalmar "ya shiga" da ba ta tabbata ba.

43/
Kuma irin wannan cunkoson ne ainihin inda dabarar lodi ke da amfani: dubban mutane a daƙiƙa ɗaya, kowa na son a tabbatar masa. Ba shagon caji mai mutum ɗaya a gaban allo ba. Mu da ke karatu yau, gobe wasunmu ne za su riƙe irin waɗannan rumbuna. Ɗabi'ar da muka koya a ƙaramin aiki ita za mu kai babba.

44/
Na san wani zai ce, "Malam, kasuwa sauri take so, in manhajarka na nawa mutane za su gudu." Gaskiya ne. Amma mai ƙosai za ta yafe maka jiran rabin daƙiƙa, ba ta ma san an yi ba. 500 ɗinta da ta ɓace fa? Ba za ta yafe ba, kuma kafin azahar duk unguwa ta ji. A garuruwanmu yarda ita ce jari.

45/
Wani kuma zai ce, "Ni ina da inbata, ina da sola," ko "Nawa a gajimare yake." Madalla, ka rage haɗari. Amma ba wuta kaɗai ke kashe na'ura ba. Babbar manhajar kwamfutar na iya sanƙarewa, yaro na iya taka waya. Ranar da hakan ta faru, fsync ne kaɗai ke tsaye tsakaninka da kunya.

46/
Ƙarin gargaɗi: wasu faifan masu araha su ma suna irin ƙaryar nan. Suna riƙe abu a ɗan ƙwaƙwalwarsu su ce "ya sauka". In pg_test_fsync ya nuna maka tsohon faifai mai juyawa na saukarwa dubbai a daƙiƙa, kada ka yi murna. Faifai mai zagaye 120 ba zai yi haka da gaskiya ba. Bincika shi.

47/
Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke koyo. Muna kwafo saiti daga mutanen da wutarsu kan shekara ba ta ƙifta ba, masu na'urori a ɗakin sanyi da batir na ko-ta-kwana, mu liƙa a laftof mai mataccen batir a kan janareta. Haɗarin da yake labari a wurinsu, mu abincinmu ne na kullum. Mu ya kamata mu fi kowa tsauri a nan.

48/
Don haka in rumbunka na nawa, ga jerin da nake bi yanzu:
Gano inda lokacin ke tafiya tukuna, sau da yawa tambaya ce mara fihirisa.
Haɗa rubuce-rubucen da za su haɗu a ciniki ɗaya.
In faifai ne, canza shi in da hali.
In cunkoso ne na gaske kuma saukarwa ce ke riƙe ka, sannan ka auna ka gwada commit_delay.
fsync kuwa, bar shi a kunne.

49/
Na sake gina na Gwaggo daga littafinta. fsync a kunne, commit_delay na mayar 0 don babu lodin da za a jira a shagon Yaya, commit_siblings ya koma 5. Na saya wa laftof batir da kuɗin aljihuna. Kowane dare pg_dump na fitar da kwafi, Yaya na juyewa a filasha. Na kuma gwada dawo da kwafin da idona, ba ji na yi ba.

50/
Littafi kuwa yana nan. Ban sake ce mata ta ajiye ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Da yamma tana rubutawa, Yaya na shigarwa, ranar Juma'a a gwada biyun.

In akwai fsync = off a wani fayil naka da ka manta, je ka duba yanzu, kafin ka yi ritwit. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan lakca in sha Allah.